Gaskiyar Da Aka Tsaga Biyu

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai idan mutum biyu suka ƙulla bashi, a hannun wa ya kamata shaida ta zauna? Shin neman shaida ma ba zargin ɗan'uwa ba ne?

Tun ƙarni na 12 baitulmalin Ingila ya ba da tasa amsar da itace. Idan mutum ya kawo kuɗi, sai a ɗauko sanda a sassara mata adadin. Saran fam dubu ya kai faɗin tafin hannu, na fam ɗari kaurin babban yatsa, na fam ɗaya ƙwayar sha'ir. Daga nan sai a tsaga sandar biyu a tsawonta, yadda kowane sara zai fito a ɓangarorin biyu. Mai bayarwa ya tafi da dogon ɓari, mai karɓa ya ajiye gajeren. Ranar lissafi a haɗa su. Wanda ya ƙara sara a ɓoye, ɗaya ɓarin zai tona shi, domin jijiyar itace ba ta dacewa sai da 'yar'uwarta.

Hikimar tana cikin tsagawar. Mai garuwa da ke jan layin gawayi a bango yana ƙirga bashinsa, amma shi kaɗai ke riƙe da gawayin. Tsagaggiyar sanda kuwa ba ta bar wa kowa gaskiya shi kaɗai ba, ko da sarki ne. Wani zai ce wannan rashin yarda ne. A ganina kāriya ce ga yarda. Mutumin kirki yana mantuwa, yana kuma mutuwa ya bar magada da gardama. Shaidar da aka raba tana hana zumunci lalacewa a kan abin da zuciya ta kasa riƙewa.

An daina amfani da sandunan a 1826. Ranar 16 ga Oktoba, 1834, aka cusa tarin tsofaffinsu a murhunan da ke ƙarƙashin zauren majalisa a Landan, wutar ta ƙwace, ta cinye mafi yawan ginin.

Yau lissafinmu ya koma cikin kwamfuta, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da shi. Kafin talaka ya amince da irin wannan lissafi, haƙƙinsa ne ya tambaya: ina nawa ɓarin sandar?