Tambayar da ba ta taɓa hana ni barci ba

Ya Ubangiji, gari ya waye lafiya, na gode. Yau da abu guda na tashi a rai. Bari in juya shi a gabanka a hankali, tunda kai ba ka gajiya da sauraro.

Akwai tambayar da ake yi a nan Tibiri idan zancen aure ya taso. Ba a yin ta a gaban mutum. Manya ne ke tura wani a ɓoye ya je ya jiyo: ɗan gidan wa ne, daga ina kakanninsa suka fito, suna da asali kuwa? In aka dawo da labarin cewa can baya an taɓa mallakar kakarsa, shi ke nan. Ba wanda zai faɗa wa yaron dalili. Sai a mayar da goro, a ce Allah bai yi ba.

Da sunanka ake rufe maganar, Ubangiji. Wannan ne ya tsaya mini a wuya.

Ni wannan tambaya ba ta taɓa hana ni barci ba. Ba'are ne ni, namiji, ɗan gidan da aka sani. Tsagen da ke kumatun mahaifina, biyu-biyu daga gefen baki har kunne, ya riga ya amsa a madadina tun ba a haife ni ba. In na shiga zaure ana matsa mini a tabarma. In na yi magana a taro ana jira in kai aya. Haka na tashi na iske, sai na ɗauka haka duniya take ga kowa.

Ban yi gumi a kan ko ɗaya ba. Ban zaɓi cikin da zan kwanta ba, ban zaɓi gidan da za a yanke mini cibi ba.

Hadijatu Mani ma ba ta zaɓa ba. Uwarta baiwa ce, sai aka ce ita ma baiwa ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 na sefa a wajen Birnin Ƙonni. Ba nisa ba ne, titin da ya ratsa Dogon Dutsi shi ne ya miƙe har can. Akwai bijimin da ya fi haka tsada a kasuwa. Aka kai ta gidan wani mutum a matsayin wahaya, wato ta biyar bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ga aikin gida ga na gona.

A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda ranta ke so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure. Alhali tun 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta babban laifi. Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, magana ta kai gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa.

Na gode maka da wannan hukunci. Amma doka a kotu ta tsaya. Ba ta shiga zauren da ake yanke zancen aure ba. Ba ta ji raɗar da ake yi bayan mutum ya ba da baya ba. Can cikin raɗa abin ya koma ya ɓuya, yana sanye da rigar ladabi. Ana gaisawa, ana cin tuwo akushi ɗaya, ana kiran juna ɗan'uwa. Sai ranar da ɗan wannan ya ce yana son 'yar wancan.

Ina jin sautin taɓarya yanzu haka daga gidajen maƙwabta. Tun asuba aka fara. Yawancin masu dakan nan 'yan mata ne, sa'annin yaran da za su rataya jaka su tafi lakwal an jima. A ƙasarmu, binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata an aurar da su kafin su cika 18. Ni da nake karatu da fitila lokacin ƙuruciya, akwai wadda ta ɗebo ruwan da na sha, ta daka furar da na ci, ta wanke rigar da na sa. Yayata ce. Ta fi ni saurin haddace abu, kowa a gidan ya sani.

Ɗan da aka goya bai san nisan hanya ba. Ni ne ɗan nan, Ubangiji. Na iso ba ƙaya a ƙafa, har na soma tsammanin ni ne gwanin tafiya.

Ba wai ban san ɗacin a raina mutum ba. In anasara ya zo ƙauye da motar aiki, shi ake kawo wa kujera, ɗan ƙasar da ya fi shi sanin aikin yana tsaye riƙe da takardu. Samari kuma na raha suna cewa fara ko mayya ce, 'yan mata na ta shafa man da ke cinye fata. Tun 1899 da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Arewa tana ƙone garuruwa, har aikin dole da ba a soke ba sai 1946, an daɗe ana koya mana wa ke sama. Wannan kam ina ganinsa sarai, domin a nan ni ne a ƙasa.

Inda nake sama ne idona ke lumshewa. Muna alfahari da Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar nan a Lugu, amma in Azna jikokinta suka shigo kasuwa, akwai sunan da muke kiran su da shi ƙasa-ƙasa.

Me ya sa zuciya ke riƙe irin wannan fifiko gam-gam? Da na duba tawa, tsoro na gani. Tana tambaya: in aka daina matsa maka a tabarma saboda gidanku, da me za ka tsaya? In mace ta fi ka magana mai ma'ana a taro, ina darajarka? Ashe akwai wani sashe na raina da ya jingina da sunan ubana fiye da yadda ya jingina da kai.

Kai kuwa ba ka taɓa tura wani ya binciko asalina ba kafin ka karɓe ni. Ka san komai, ka kuma karɓe ni a haka. Hajara baiwa ce, baƙuwa daga Masar. Aka bar ta a jeji da ɗanta da ɗan ruwan da bai kai ko'ina ba. Ruwan ya ƙare. Ba dangi, ba mai tsaya mata. Kai ka ji kukan yaron, kai ka ba su ruwa.

Alherin da ya iske ta can shi ne ya tashe ni yau da safe. Ba a ƙara mini ko cikin cokali don ni ɗan wane ne ba, ba a rage mata don ita baiwa ce ba. In haka ne, ba abin da zan rasa idan na sassauta hannu. Wurina a gabanka ba a tabarmar zaure yake ba, ba kuma mai iya ture ni daga can.

Zuciyata ba ta gama yarda ba tukuna. Tana yarda da safe, da rana ta koma tana lissafi. Ka yi haƙuri da ita, ka ci gaba da koya mata.

Yau da la'asar akwai taron unguwa kan famfon da ya lalace. Maza za su zauna gaba, matan da ke tashi da asuba su bi layin ruwa za su tsaya daga baya, wajen darni. Za a ce in fara magana, kamar kullum. Ka ba ni ƙarfin halin in ce a fara jin ta bakin yaya da sauran mata, tunda su suka san awa nawa ake ɓatawa a layin da kuma nawa ake sayar da jarka. Wasu za su yi dariya, wani ma zai ce mata sun shanye ni. Ka riƙe mini harshe a lokacin, kada in ce wasa nake yi.