Ceto Ko Kamun Ƙafa? Hukuncin Mai Jiran Gurbin Karatun Likita

 A kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami wasu ɗalibai da aka bari tsaka-mai-wuya, ba a ce an ɗauke su ba, ba a kuwa ce an ƙi su ba. Sai a ce su saurara, in wani ya saki gurbinsa a neme su. Wannan jira ya fi tsanani a karatun likita, domin hukumar da ke kula da aikin likita a Nijeriya ita ke yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. To, daga nan ne tambaya take tasowa, wadda iyaye kan kai wa malamai a zaure bayan sallar lisha: "Allah Ya gafarta Malam, shin ya halatta yaro ko ubansa ya nemi waɗanda suka gana da shi suka auna shi, ya tuna musu da kansa?"

Bai kamata a yi gaggawar amsawa ba, musamman idan mai tambayar daga irin su Tungar Daji ya fito, a ƙasar Anka. Mutanen wannan yanki sun san abin da rashin likita yake nufi. A shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010, gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta faɗa wa ƙananan yara a Tungar Daji da Dareta da Abare da Sunke da Bagega, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka zo daga nesa, su ne suka tona wa duniya al'amarin, suka buɗe wuraren jiyya a Anka da Bukkuyum. Saboda haka uban da ya ce ɗansa likita zai zama domin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum su sami nasu na kansu, ba tatsuniya yake yi ba. Imamul Gazali ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya, har ya yi kukan yadda mutanen zamaninsa suke tururuwa zuwa ga fiƙihu suna barin garuruwa babu likita Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, duk da nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Amma fa kyawon niyya ba ya halatta kowace hanya. Abin da mai jira yake mantawa shi ne ba shi kaɗai ba ne a jerin. Idan shi ne na bakwai, akwai mutum shida a gabansa, kuma ba yadda za a yi ya zama na ɗaya sai an ture su. Watakila na biyun marainiya ce daga Gummi wadda ba ta da wanda zai buga mata waya. Ita ba ta wurin sa'ad da ake fadancin, ba ta ma san ana yi ba, ga shi kuwa haƙƙinta ake ciniki a kai. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, ta kuma ba mai ceton rabonsa a cikin kowannensu. Malamai sun bayyana cewa kyakkyawan ceto shi ne wanda zai isar da haƙƙi ga mai shi ko ya kawar da cuta, ba tare da an tauye wani ba. Da za a ce gurbin ba shi da iyaka, da roƙon sai ya zama alheri tsantsa. Da yake ƙidayayye ne, kowane roƙo yana da wanda zai biya kuɗinsa.

Wani zai ce, ai neman matsayi ma an hana shi, tun da Annabi (SAW) ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura game da roƙon shugabanci, ya kuma hana Abu Zarri sa'ad da ya nema. Wannan ƙiyasi bai daidaita ba. Kujerar ɗalibi ba sarauta ba ce, neman ilmi kuwa abin umurni ne. Ga kuma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma faɗi cancantarsa da bakinsa. Ashe nema ba laifi ba ne, faɗin gaskiya game da kai ma ba laifi ba ne. Sai dai a lura: wanda ke da ikon naɗawa shi Annabi Yusufu ya yi wa magana, kai tsaye, kuma abin da ya ambata amana ce da sani, bai kawo dangantaka ko wata alfarma ba.

A nan ne bakin zaren yake. Mutumin da ya zauna ya gana da ɗalibi, ko a jami'a ne ko a hukumar ba da tallafin karatu, matsayinsa matsayin shaida ne. An kira shi ya duba, ya duba, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa. Aikinsa ya ƙare ke nan. Wanda ya bi shi gida bayan haka, me yake nema a wurinsa? In sabon bayani ne ya kawo, ba shi ne mai karɓa ba. In kuwa so yake ya je ya ƙara masa maki, ko ya raɗa wa na sama wata magana, to yana roƙon shaida ne ya sāke shaidarsa bayan an tashi daga majalisar alƙali. Ko a kotun ƙauye an san sunan wannan. Kuma abin tausayi, sau da yawa malamin kirki ne ake jefawa cikin wannan hali, mai kunya, wanda ba ya iya kallon idon dattijon da ya yini a mota daga Anka zuwa Sakkwato ya ce masa a'a.

Ƙofar da ta halatta a buɗe take, ita ce ofishin rajistara ko na ɗaukar ɗalibai, kuma da takarda a rubuce wadda za a sa a fayil kowa ya gani. Akwai abubuwa da dama da ya kamata ɗalibi ya sanar, har ma a kan ce ya yi sakaci in ya yi shiru. Ya sanar cewa yana nan a kan bakansa, bai tafi wata makaranta ba. In sakamakon wata jarrabawarsa ya fito bayan ganawar, ya aika da shi. In an yi kuskure wajen rubuta jiharsa, lalle ya nemi gyara, domin ƙa'idar jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. Wannan rabo nasa ne a shari'ar ƙasa, nemansa ba bara ba ne. Haka nan ya ba da lambar wani ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato wanda za a iya samu, ya kuma riƙa duba sunansa a tsarin da hukumar JAMB ta kafa a 2017, wanda ta nan ake tabbatar da ɗauka. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san gurbi yana iya zuwa ya wuce mutum bai ji ba. A Amurka ma, inda irin wannan jira ya zama al'ada, makarantu da yawa sukan karɓi irin wannan wasiƙa ta hannun ofis.

Sauran batun gaisuwa. Da wuya uba ya tafi hannu rabbana. Akwai zabi, akwai kwalbar zuma, wani har da rago. Zai rantse alheri ne kawai, kuma mai yiwuwa har zuciyarsa haka yake gani. Labarin Ibnul Lutbiyya ya isa amsa. An aike shi karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, sai Annabi (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Ma'aunin ke nan: ragon nan, bara an kai shi? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa cikin ɗabi'un mulkin da ya soka. Akwai kuma hadisin Abu Umama a littafin Abu Dawuda wanda ya sanya kyautar da aka karɓa saboda ceto cikin babin riba, watau mai tsaya wa yaron ma bai tsira ba in ya karɓi tukuici.

Hujja mafi ƙarfi da masu kamun ƙafa suke da ita ita ce: kowa yana yi, 'ya'yan manya da takarda suke zuwa, in talaka ya kame shi kaɗai zai yi asara. Wannan magana tana da ciwo, kuma ba a kore ta da wa'azi kurum. Gaskiya ne wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi tabbatacce, babu hanyar karɓo shi sai ya ba da wani abu, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma mai jiran gurbi haƙƙinsa bai tabbata ba tukuna. Bai ga makin na gabansa ba, balle ya ce ya fi shi. Zato ne yake da shi, ba a kuwa cin haƙƙin wani da zato. Daɗin daɗawa, idan aka buɗe kasuwar alfarma, wa zai ci riba? Yaron Tungar Daji iyakarsa ya kawo dagaci ko limamin gari, abokin takararsa kuwa da wayar kwamishina zai zo. Bin jeri bisa tsari shi ne kaɗai wurin da su biyun suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Sa'ad da Usamatu ɗan Zaidu ya je ceton matar nan ta Banu Makhzum, hukuncin na haddi ne, ya bambanta da wannan, amma cutar da Annabi (SAW) ya nuna a huɗubarsa ita ce dai: a sassauta wa mai gata, a tsananta wa mara shi.

Wannan ba ya nufin manyan gari su naɗe hannu. Hakimi ko shugaban makaranta yana iya rubuta wa jami'a ya shaidi halin yaro da gaskiya, in an nemi irin wannan shaida. Yana iya neman a bayyana jerin a fili, a bi shi bi da bi, a kuma cika kason jiharsa kamar yadda doka ta tanada. Ceton da zai amfani na bakwai da na biyu baki ɗaya ba shi da wanda ya cuta. Shi kuma malamin da aka iske a gida, ba a ce ya wulakanta baƙonsa ba. Ya ba shi ruwa, ya mayar masa da kayansa cikin mutunci, ya nuna masa ƙofar ofis. In kuwa tun farko ya san yaron ɗan'uwansa ne, ya faɗa wa abokan zamansa ya janye daga auna shi, bisa koyi da wasiƙar Sayyidina Umaru ga Abu Musa, wadda ta umurci alƙali ya daidaita masu husuma har a wajen zama da kallo.

Akwai ɗalibai da kan ce su godiya kawai suke son yi wa waɗanda suka gana da su, don sun karɓe su da fara'a. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, babu mai hana ta. Sai dai a jinkirta wasiƙar har a rufe jerin, ko an samu ko ba a samu ba, sa'an nan a aika.