Waya ɗaya, doka biyu a Kongolam

Daga Kongolam a masarautar Daura zuwa Dan Barto a ƙasar Nijar tafiya ce ta ɗan lokaci. Hausa ɗaya, dangi ɗaya, sahun salla ɗaya. Amma wayar da ke aljihun ɗan kasuwa tana sauya hali da zarar ta kama layin ƙetare.

A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, har zuwa Janairun 2022. Mai layin MTN a Kongolam ya ga shafin ya ƙi buɗewa, ɗan'uwansa mai layin Nijar kuwa yana karanta labarai. Sai reshe ya juya da mujiya: Starlink, mai samar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a 2023, mutanen Nijar suka jira har 2025.

Ko Turai ba ta tsira ba. Dandalin sada zumunta na Threads ya fito a Yulin 2023, bai isa Tarayyar Turai ba sai Disamba, saboda dokokinta.

Shin hukuma tana da hurumin hana mutum abin da maƙwabcinsa ke mora? Malaman Malikiyya sun yarda shugaba ya toshe kafar ɓarna don maslahar jama'a, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai sun ɗaure ta da sharuɗɗa: ɓarnar ta tabbata, amfanin ya game jama'a, kada hanin ya fi cutar illa. Idan aka auna da waɗannan sharuɗɗa, sai a ga an rufe Twitter ne kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, ɗan Daura, kuma a 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka.