KIRSIMETI DA KURCIYA BIYU



 Ga shi Allah cikin jinƙansa ya sake kawo mu Lokacin Zuwan Almasihu, wato Lahadi huɗu na shiri kafin Kirsimeti. Hunturu ya sauko, an kai amfanin gona gida, tela ba ya barci saboda ɗinki. Nan da 'yan kwanaki tashoshin mota na Kaduna, Kano, Abuja da Legas za su cika maƙil da 'ya'yanmu masu neman motar Kafanchan, Zonkwa, Pankshin, Shendam, Zuru ko Yola. Kowa yana ɗokin ya ga gida. Wannan abu ne mai kyau, gama zumunta a ƙafa take.

Amma akwai abin da yake damunmu. Kowace shekara, da zarar an shiga watan Janairu, sai mu ga iyaye suna zuwa gidan Fada da idanu jawur, wai an koro yara daga makaranta saboda kuɗi, ko kuwa mai bashi ya zo ƙofar gida yana tara musu jama'a. Sau da yawa su ne waɗanda muka gani ran 25 ga Disamba cikin sabon anko, an yanka akuya, ana ta kiɗa. Ba don mu kunyata kowa muke faɗin haka ba. Muna faɗi ne domin mu tambayi kanmu tun da sauran lokaci: Wane ne ya ɗora mana wannan kaya? Allah ne, ko kuwa tsoron abin da mutane za su ce?

Tafiyar Kirsimeti ta farko

Mu tuna cewa Kirsimeti ta farko ma da tafiya aka yi ta. Bisharar Luka, sura 2, ta nuna mana yadda Kaisar Augustas ya ba da umarni a yi ƙidaya, kowa ya koma garin kakanninsa. Saboda haka Yusufu ya tashi daga Nazarat ta ƙasar Galili zuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar da ta wuce kilomita 100, tare da Maryamu tana da tsohon ciki. Da suka isa, gari ya cika da baƙi, ba su sami wuri a masauki ba. Aka haifi Mai Ceton duniya, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Yusufu daga zuriyar Sarki Dawuda yake, amma bai shiga garin kakansa da alfarma ba.

Akwai wani abu kuma da mukan karanta mu wuce ba tare da mun lura ba. Bayan kwana 40, suka kai Yaron Haikali a Urushalima. Bisa ga Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haihu takan kawo ɗan rago bana ɗaya tare da tsuntsu guda. Amma Shari'ar ta yi wa matalauta sauƙi: wadda ba ta da halin rago, sai ta kawo kurciya biyu ko 'yan tattabarai biyu. Hadayar da Luka ya ambata game da Maryamu da Yusufu ita ce wannan ta matalauta. Ku duba fa, 'yan'uwa! Ɗan Allah ne a hannunsu. In da akwai ranar da ta cancanci a ci bashi a sayi rago, ai wannan ce. Duk da haka suka kawo abin da ƙarfinsu ya kai, ba su ji kunya ba, Allah kuwa ya karɓa.

Shi ya sa Waliyyi Faransis na Asisi, a shekarar 1223, ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki a ƙauyen Gireciyo na ƙasar Italiya, domin mutane su gani da idonsu irin talaucin da Ɗan Allah ya zaɓa. Daga nan al'adar yin komin Kirsimeti ta bazu, har ta iso majami'unmu. In mun durƙusa a gabansa bana, mu bar shi ya yi mana wa'azi a kan aljihunmu.

Kafin mu tashi

Ubangijinmu ya koyar, a Luka sura 14, cewa mai niyyar gini yakan fara zama ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Haka ya kamata maigida da uwargida su zauna tare, ba a ɓoye wa juna kome, su yi lissafin Kirsimeti. Dukanmu mun san yadda zamani ya juya. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na abinci kuma suka bi sahu. Wanda ya nace sai ya yi biki irin na shekarun baya da albashin da bai kai ba, kansa yake cuta.

Muna ba da shawara a fara ware abu uku kafin a taɓa kuɗin biki: kuɗin makarantar yara na Janairu, kuɗin haya da abincin watan, da kuɗin motar dawowa. Abin da ya rage shi ne na Kirsimeti. Daidai ruwa, daidai tsaki. In kuɗin akuya bai samu ba, kaza ma nama ce. In kaza ta gagara, a haɗa kai da maƙwabta a yi watanda. In kayan bara suna da kyau, a wanke a goge. Kada mace ta kwashe kuɗin adashin da ta yi shekara tana zubi ta zuba a ankon yini ɗaya don kawai kada a ce ba ta yi ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, da na mawaƙa, da na matasa, kada su fitar da ankon da zai sa matalauciya ta ɓuya a gida ranar haihuwar Mai Cetonta.

Ku kuma manoma, ku ji tsoron rumbu. Kun sani sarai cewa da kaka hatsi yake araha, da damina kuma yake tsada. Wanda ya kwashe masara ko dawa ya kai kasuwa a Disamba don biki, shi ne zai koma a Yuli ko Agusta ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi da ruwa. Littafin Karin Magana, sura 22, ya kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. Almasihu ya zo ne domin ya 'yantar da mu. Bai dace mu mai da ranar haihuwarsa ranar shiga bauta ba.

A kan hanya

Doka ta biyar ta hana kisankai, dokar nan kuwa tana aiki a kan titi kamar yadda take aiki a ko'ina. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi ta jan kunne a watannin ƙarshen shekara. Mutane sukan ce watannin ne suke shan jini. Ba haka ba ne. Allah bai halicci mugun wata ba. Abin da yake kashe mu shi ne gudun wuce kima, da lodin da ya fi ƙarfin mota, da tsohuwar taya, da birkin da ba a gyara ba, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba don yana so ya ƙara sawu, da kuma giya. Ga hazon hunturu yana rufe hanya.

Direbobinmu, rayukan da kuka ɗauka amana ce, za ku kuwa ba da lissafinsu. Fasinjoji, kada ku zuga direba, kada kuma ku yi shiru in kun ga yana ganganci. Ku yi sammako ku isa da rana, ku guji tafiyar dare, musamman a hanyoyin da ba su da tsaro. Matasa masu babur, kada ku ɗauki mutum uku ko huɗu kuna tsere a ƙauye don a gan ku. Sannu ba ta hana zuwa. Tsohuwarku ta fi so ta gan ku hannu wofi da a kawo mata gawarku tare da buhun shinkafa.

In mun isa gida

Ku da kuke ƙauye, ku ma muna da magana da ku. Yawancin bashin da 'ya'yanmu na birni suke ci, saboda ku suke ci. Kada ku auna ɗanku da nauyin jakarsa. Kada ku ce ɗan wane ya zo da mota, kai me ka kawo? Akwai waɗanda suka yi shekaru ba su taka gida ba, ba don ba sa so ba, sai don kunyar zuwa ba tsaraba. Ku aika musu cewa su kuke so, ba kayansu ba. Wanda kuma lissafi ya nuna masa tafiya ba za ta yiwu bana ba, kada ya tilasta wa kansa. Ya kira iyayensa a waya, ya aika da ɗan abin da ya samu, ya yi Kirsimeti a ikilisiyar da yake. Mu da muke wurin kuma mu jawo shi gidajenmu.

Kada wani ya ce Ekklesiya ta hana murna. Ko kaɗan! A Littafin Nehemiya, sura 8, an umarci jama'a su ci su sha a tsattsarkar rana, su kuma aika wa waɗanda ba su da kome. Ku dafa, ku ci, ku yi waƙa. Ku kai wa maƙwabtanku Musulmi abinci kamar yadda iyayenmu suka saba, su ma suke kawo mana da Sallah. Amma ku tuna da gwauruwa, da maraya, da majiyyaci, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Tattali ba rowa ba ne. Marowaci yana ƙulle hannunsa don kansa, mai tattali kuwa yana rage almubazzaranci domin ya sami abin bayarwa. Ubangiji da kansa, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa aka tattara ragowar har kwando 12, don kada kome ya lalace.

A ƙarshe, akwai shirin da ba ya cin ko kwabo, shi ne kuma mafi girma. Mu je mu furta zunubanmu a gaban Fada kafin ranar. Mu shirya da ɗan'uwan da muka yi shekara ba ma magana da shi saboda iyakar gona. Mu halarci Mas da natsuwa, ba da maye ba. Wanda ya yi haka, ko da kurciya biyu ce kawai a hannunsa, Kirsimetinsa ta cika.

Bari Yusufu mai tsarki da Budurwa Maryamu, waɗanda suka san wahalar hanya, su yi roƙo domin dukan matafiyanmu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa mu shiga sabuwar shekara ba bashi a wuyanmu sai na ƙaunar juna. Amin.

Barka da Kirsimeti.