SHIRU BA KULLUM NE LADABI BA

'Yan'uwana mata, macen da ta ga mijinta zai yi ganganci ta ja bakinta, ladabi ta yi ko cin amana?

Maigidana yana da tsohuwar Land Rover, yana jigilar mutane da gyaɗa daga nan Gafasa zuwa Gaya. Rannan ya ce, "Hau ki taka min birki, zan fitar da iska." Ina takawa ƙafata ta tafi har ƙasa. Na leƙa, ga man birki yana tsiyaya ta bayan taya.

Na ce, "Malam, a haka za ka ɗauki rayukan mutane?" Ya ce babu kuɗi, Allah ne mai tsarewa.

Haka ne, amma ai sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Daren nan ban runtsa ba, ina tuna mata masu goyon da suke cika bayan motar. Da safe na miƙa masa kuɗin adashin da na tanada don atamfar sallah. Ya yi fushin kwana biyu, sannan bakanike ya sake robar da ta cinye.

Tsohon zane na ɗaura da sallah, wallahi ban ji kunya ba. Allah ya sa mu gane, amin.