Labarin Ɗan'uwanka Amana Ce a Hannunka

Karatu: Nehemiya 1:1-11; 2 Timoti 1:15-18 da 4:9-11

Tambayarmu ta yau ta shafi kowane mai bi, amma ta fi shafar waɗanda suka zauna aji ɗaya a makarantar tauhidi ko makarantar Littafi Mai Tsarki, daga baya aikin Ubangiji ya rarraba su. Tambayar ita ce: idan labarin abokin karatunka ya iso kunnenka, mene ne hakkinsa a wuyanka? Ƙauna ce take sa ka tambayi labarinsa, ko kuwa ƙaiƙayin kunne ne kawai?

Bari mu fara da unguwar Briqueterie a birnin Yawunde, babban birnin Kamaru. Unguwar ta samo sunanta daga wurin yin tubali na zamanin Jamusawa, kuma ita ce zangon Hausawa a birnin. Akwai babban masallaci, ga teloli da masu sayar da yadi, ga masu tsire da yamma. Yawancin mazaunanta maƙwabtanmu Musulmi ne. Mutumin Arewa da ya kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere, tafiyar fiye da kilomita 600, sau da yawa can yakan nufa da safe, domin can zai ji harshen da ya sani. Kafin ya gama shan ruwa an tambaye shi: Ina labari? Ina mutanen Garwa? Ina mutanen Marwa? Shi kuwa ya amsa, labari sai alheri.

Amma a al'adar zango, tambayar labari tana da nauyi. Mai masauki yana tambaya ne domin ya san abin da ya wajaba a kansa. In an ce wani ya rasu a gida, za a nemi danginsa a gaya musu, a zauna zaman makoki tare da su. In baƙo ya kwanta ciwo, a yi karo-karo. In ya mutu a baƙunci, a yi masa sutura, a aika gida. Wanda ya ji, ya ɗauki kaya ke nan. Wannan darasi ne da ya kamata mu masu bi mu karɓa da tawali'u daga hannun maƙwabtanmu.

To, haka ma'aikatan ikkilisiya suke haɗuwa a wannan birni. Wani ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Lutheran da ke Meiganga. Wani ya ƙetara Nijeriya ya yi nasa a TCNN Bukuru, wadda ta fara aiki a 1959. Wani ya zo Yawunde ƙaro ilimi a makarantar tauhidi ta Furotesta, wadda take horar da fastoci tun farkon shekarun 1960. In biyu daga cikinsu suka haɗu a bakin mai tsire, sai a fara lissafin 'yan aji: wane yana ina, wane fa? Daga nan labari iri huɗu yakan fito, kowanne kuwa yana gwada zuciyarka ta wata hanya dabam.

Na fari, labarin ɗaukaka. An zaɓi wane shugaban gunduma. Wane ya sami digirin dakta a Turai. Wane yana kiwon babbar ikkilisiya a birni, an ba shi mota. Bakinka ya ce madalla, amma zuciyarka ta tuna cewa kai ne kake taimakonsa da Helenanci a aji, ga ka har yanzu a ƙauyen da babu wutar lantarki, albashin wata uku bai shigo ba. Littafin Romawa sura 12 ya umarce mu mu yi tarayya da 'yan'uwa cikin murnarsu da cikin kukansu, kuma sau da yawa kukan ya fi sauƙi. Ka tuna da Bitrus a bakin tekun Galili, cikin Yahaya sura 21. Da Ubangiji ya nuna masa irin mutuwar da zai yi, sai ya waiwaya ya tambayi abin da zai sami ɗaya almajirin. Yesu bai ba shi wannan labari ba, ya komo da shi ga nasa kiran. Idan labarin ɗan'uwanka ya sa ka raina gonar da aka ba ka, ka karɓe shi ta hanyar da ba daidai ba. Maganinsa shi ne ka ambaci sunansa a gaban Allah da godiya, ka kuma roƙa masa kariya, gama babbar kujera tana da nata jarabobi.

Na biyu, labarin faɗuwa. An dakatar da wane saboda kuɗin baiko. An sa wane ƙarƙashin horo saboda mace. Wane ya bar aikin, ya koma kasuwanci, an ce ma ba ya zuwa sujada. Wannan labari ya fi kowanne gudu, kuma yakan sa rigar ibada. Sai ka ji an ce, ina gaya maka ne domin ka sa shi a addu'a, alhali mai faɗa da mai ji babu wanda zai durƙusa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Cikin Farawa sura 9, 'ya'yan Nuhu uku duka sun san abin da ya sami mahaifinsu. Ham ya ɗauki labarin ya fita da shi waje. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi suka shiga da baya. Labari ɗaya ne, abin da kowa ya yi da shi ne ya bambanta su.

Dubi yadda Bulus ya riƙe irin wannan labari. Dimas abokin aikinsa ne, yana cikin masu aika gaisuwa a wasiƙar Kolosiyawa da ta Filimon. Da ya yashe shi ya tafi Tasalonika, Bulus ya gaya wa Timoti a magana ɗaya tak, ya faɗi dalili, ya wuce. Bai yi ta tonon asiri ba. A wannan wuri kuma ya roƙa a kawo masa Markus, domin yana da amfani a aikin. Markus ɗin nan shi ne wanda ya rabu da su a Bamfiliya, wanda a kansa Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai zafi har suka rabu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna. Da a ce an rufe littafin Markus a ranar da ya koma gida, da ikkilisiya ta yi babbar hasara. Labarin da ka ji a kan ɗan'uwanka yau na yau ne. Allah bai gama da shi ba tukuna.

Wataƙila za ka ce, to, sai mu rufe baki a kan mugunta ke nan? A'a. Idan makiyayi yana cin tumaki, yana cutar yara ko mata, ko yana wawure dukiyar ikkilisiya, yin shiru haɗa kai ne da shi. Zumuncin aji ɗaya ba ya wanke laifi, kuma waɗanda aka cuta su ma 'yan'uwanka ne. Bulus kansa ya gargaɗi Timoti a kan wani maƙeri da ya yi masa mugunta ƙwarai, ya kuma ambaci sunansa. Amma ka lura da wanda ya gaya wa: mutumin da haɗarin zai iya samu. Matiyu sura 18 ta shimfiɗa mana hanya, daga mai laifin kansa, zuwa shaidu, zuwa ikkilisiya. In abin ya zama laifin da doka ta hana, akwai hukuma. Saboda haka kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka abu uku. Na tabbata gaskiya ne? Wanda zan gaya wa yana da abin da zai iya yi a kai? Zan iya maimaita maganar a gaban mai ita? In amsa ɗaya ta zama a'a, tsegumi ne, ko da an fara shi da addu'a.

Na uku, labarin wahala da mutuwa. A ƙasashenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi kusa da Mubi, inda hedkwatar ikkilisiyar EYN da makarantarta ta Kulp suke, malamai da ɗalibai suka watse. Dubban mutane daga Arewa maso Gabashin Nijeriya sun sami mafaka a sansanin Minawao a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wanda aka buɗe a 2013. A watan Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika, aka kashe shi. A irin wannan lokaci, tambayar ina wane tana nufin yana da rai ko babu.

Me ake yi da irin wannan labari? Nehemiya yana zaune lafiya a fadar Shushan sa'ad da Hanani ya zo daga Yahuza. Shi ne ya fara tambaya. Da ya ji, ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a kwana da kwanaki, sa'an nan ya sa ransa cikin haɗari a gaban sarki, ya tafi ya gina garun. Tambaya, kuka, addu'a, aiki. Mu kuwa sau da yawa mukan tsaya a kan Allah sarki. Cikin 2 Sarakuna sura 4, matar ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa ta zo wurin Elisha. Mijinta mai tsoron Allah ne, ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu. Wannan gwauruwar ɗalibin makarantar annabawa ce. Irinta suna nan a cikinmu: fasto ya rasu, bayan 'yan watanni a ce iyalinsa su tashi daga gidan ikkilisiya domin sabon fasto yana zuwa. Kun yi jawabi mai daɗi a jana'izar abokinku. Wa ya san ko 'ya'yansa suna makaranta bana?

Akwai misali mai kyau daga ƙasar Jamus. Fasto Dietrich Bonhoeffer ya shugabanci wata makarantar horar da fastoci a Finkenwalde daga 1935, har 'yan sandan asirin Hitler suka rufe ta a 1937. Ɗalibansa suka watsu, aka ɗaure waɗansu, aka kai yawancinsu fagen yaƙi. Bai bar zumuncin ya mutu ba. Ya riƙa aika musu wasiƙa ɗaya mai zagaya kowa, har zuwa 1942. A ciki yakan ba su ayoyin da za su yi bimbini a kai a lokaci guda, ko'ina suke, ya kuma ambaci waɗanda suka mutu da sunayensu ɗaya ɗaya. Fiye da rabinsu ba su komo daga yaƙin ba, shi kansa an rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945. Wasiƙun nan ba na fahariya ba ne. An rubuta su ne domin kada wani ya ɗauka an manta da shi.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, wanda ya fi duka nauyi: labarin da babu shi. A kowane aji akwai wanda in aka zo kan sunansa sai a yi shiru, a ce rabonmu da shi tun ranar yaye. Mai nasara ba ya bukatar a neme shi, labarinsa yana zuwa da ƙafarsa. Wanda talauci, ko ciwo, ko kunya ta rufe, shi ne yake ɓuya. In ka yi masa waya zai ce maka labari sai alheri, domin haka aka koya mana. Dole ka sake tambaya, ka kuma jira amsa.

Bulus ya san wannan zafi. A kurkuku a Roma ya rubuta cewa mutanen Asiya sun juya masa baya. Amma ya ambaci mutum ɗaya, Onisifaras, wanda bai ji kunyar sarƙarsa ba. Da ya isa Roma bai jira labari ya same shi ba, ya yi ta cigiya har ya gano inda yake. Ba a rubuta mana wa'azin Onisifaras ko ɗaya ba. Abin da Ruhu Mai Tsarki ya adana mana game da shi shi ne ya nemi ɗan'uwan da kowa ya daina tambaya. Haka Makiyayi Mai Kyau ya yi da mu, gama ba mu muka neme shi ba, shi ya neme mu.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, ga aikinka na wannan mako. Ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda kuka yi karatu tare, ko waɗanda aka yi muku baftisma tare, ko 'yan ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata na dā. Yi godiya saboda wanda aka ɗaukaka. Kame bakinka game da wanda ya faɗi, ka je wurinsa in da hali. Aika wa gwauruwa abin da Allah ya hore maka, ko da sefa dubu biyu ce. Sa'an nan ka zaɓi suna ɗaya wanda babu wanda ya san inda mai shi yake, ka fara cigiya. Zumunci a ƙafa yake.

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, kai da ka san kowannenmu da sunansa, ka tsarkake kunnuwanmu da harsunanmu. Ka raba mu da hassada da tsegumi. Ka ta'azantar da bayinka da suke cikin wahala, da gwauraye da marayun ma'aikatanka. Ka ba mu zuciyar neman wanda aka manta da shi. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.