Shin Ƙaramin Abu Yana da Haƙƙin Shiga Kundin Ilmi?

Tun ran da aka kafa Wikipedia a shekarar 2001, aka ce kowa ya zo ya rubuta abin da ya sani, masu tsaron wannan kundi ba su gushe ba suna jayayya a kan mas'ala guda, wato wane abu ne ya cancanci a keɓe masa babi na kansa, wane ne kuma za a wuce shi ba a ambata ba. Daga cikin abubuwan da mas'alar ta shafa akwai tsarin fayil ɗin da ake jera waƙoƙi ko karatu a cikinsa domin na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda mafi shahararsa shi ne M3U.

Wanda duk ya buɗe irin wannan fayil ba zai tarar da sauti ko ƙanƙani a cikinsa ba, sai rubutu tsagwaronsa, kowane layi yana nuna inda aka ajiye wata waƙa; in kuwa layin ya fara da #EXTINF, to, bayani ne na daƙiƙa nawa waƙar za ta ci da kuma sunanta. Saboda haka masu inkari suka ce abin da ba shi da komai sai nuni zuwa ga waninsa bai kai matsayin da za a jera shi tare da annabawa da dauloli da taurari ba.

Hujjar tana da kwarjini, amma malamanmu na da sun riga sun warware ta, domin sun kasa ilmi kashi biyu, maƙasudi da wasila, kuma ba su taɓa raina wasila don ƙanƙantarta ba. Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya wallafa Fihirisa a shekarar 987, littafin da akasarinsa jerin sunayen littattafai ne da na mawallafansu, ga shi kuwa yau da shi ake sanin littattafai masu yawa da suka salwanta. Ƙalƙashandi na Misira, wanda ya kammala littafinsa Subhul A'sha a 1412, bai ga ƙasƙanci ba ga tsayawa a kan fiƙe alƙalami da haɗa tawada da faɗin takardar da ta dace da kowane muƙami, saboda ya san da waɗannan ƙananan abubuwa ake tafiyar da daula.

Haka al'amarin M3U yake. Ya fito tare da WinPlay3, manhajar cibiyar Fraunhofer ta Jamus, a tsakiyar shekarun 1990, sa'an nan manhajar Winamp ta yaɗa shi daga 1997, mutane suka yi ta aiki da shi ba tare da wata hukuma ta rubuta masa ƙa'ida ba, har al'ada ta zame masa doka. Da kamfanin Apple ya tashi tsara hanyar watsa bidiyo ta intanet a 2009, a kansa ya ɗora ginin: a yanyanka bidiyo gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, jerin ya riƙa gaya wa waya wanne za ta ɗauko gaba, in layin intanet ya yi rauni ta koma ga mai sauƙin nauyi. An buga bayanin wannan hanya a 2017 da lambar RFC 8216.

Sai dai kada a fahimci cewa ƙofa a buɗe take ga kowane tsari. Sharaɗin Wikipedia shi ne a sami amintattun majiyoyi, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, sun yi magana a kansa mai zurfi, kuma wannan ba baƙon sharaɗi ba ne ga wanda ya san cewa alƙali ba ya karɓar shaidar mutum ga kansa. Tsarin da wani kamfani ya ƙago, babu mai bayaninsa sai littafin kamfanin, ya ishe shi a ba shi layi guda a cikin babin da ya tattara ire-irensa. Amma wanda jama'a suka dogara da shi shekara da shekaru, shaidu kuma suka tabbatar, hana shi babi tauye haƙƙin mai neman sani ne, ko da kuwa babin bai wuce rabin shafi ba. Allah shi ne Masani.